Albashin Kwana Goma, Wata Mai Kwana Talatin: Yadda Gidaje Ke Fama da Cefane, Bashi da Tanadi

A kusan kowane shagon kayan masarufi na unguwa, daga Kurna ta Kano zuwa Tudun Wadan Zariya, akwai wani littafi da mai shago ke ajiyewa kusa da akwatin ciniki. Kowane shafi da sunan magidanci a samansa. A ƙasa kuma jerin abin da yara suka zo suka karɓa: taliya biyu, magi na ɗari biyu, rabin kwalbar man gyaɗa, sabulun wanki, kwanon shinkafa. Yaro ya tsaya a bakin kanta ya ce, "Wai in ji Baba a rubuta." Mai shago ya rubuta. Ranar da albashi ya shigo, maigida ya zo da daddare bayan jama'a sun ragu, a buga lissafi, ya biya abin da ya sawwaƙa, a ja layi, a ɗora ragowar a kan sabon wata. Kafin goma ga wata, yaron ya dawo da saƙon da ya saba kawowa.

A da, sunayen da ke cikin irin wannan littafi na leburori ne da masu ƙaramin ƙarfi. Yanzu har da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da 'yan fansho, da mutanen da idan suka fito sallar Juma'a da babbar riga ba wanda zai zaci suna cin tuwon bashi.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na rantsuwar kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, hauhawar farashin kaya gaba ɗaya kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disambar shekarar. A Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa a Kano suka fito titi suna kukan tsadar fulawa, a Minna ma aka tare hanya. A watan Yuli aka sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga 30,000 da aka tsayar a 2019. A daidai lokacin, buhun shinkafa mai kilo 50 ya riga ya fi ƙarfin wannan sabon albashi a kasuwanni da dama.

Saboda haka dole a faɗi gaskiya tun daga farko. Babu wata dabarar lissafi da za ta sa naira 70,000 ta riƙe gida mai mutum takwas har ƙarshen wata. Duk wanda ya dubi irin wannan magidanci ya ce masa rashin tsari ne ke damunsa, bai yi masa adalci ba. Akwai nauyin da ke wuyan gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata, kuma ba za a sauke shi a kan matar da ke ƙirga ƙwayar magi ba.

Amma kuma akwai abin lura. Za ka ga maƙwabta biyu, samunsu ɗaya, yawan iyalinsu kusan ɗaya. Ɗaya yana cikin matsi amma yana barci. Ɗayan kuwa wayarsa kullum a kashe, ya sauya hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta ƙofar wanda ke bin sa. Idan ka bi diddigi, da wuya ka ga abincin yau da gobe ne ya raba su.

Baƙin da aka san ranar zuwansu

Abin da ke jefa yawancin gidaje cikin bashi mai nauyi shi ne manyan hidimomin da ke zuwa dunƙule: kuɗin haya na shekara, kuɗin makaranta a Satumba da Janairu da Afrilu, cefanen azumi, ɗinkin sallah, ragon layya, ragon suna. Ba ɗaya daga cikinsu da ke zuwa ba sallama. Mai gidan haya ya san ranarsa, kai ma ka sani. Haihuwa wata tara take sanarwa. Duk da haka sai mu bar su har su iso ƙofa, sannan hankali ya tashi, a shiga neman wanda zai ranta.

A ƙaddara magidanci yana samun naira 150,000 a wata. Hayarsa 240,000 a shekara, kuɗin makarantar yara uku 60,000 kowane zango, wato 180,000, hidimar azumi da salloli biyu kuma a ce 180,000. Jimilla 600,000. Idan aka raba wa wata goma sha biyu, naira 50,000 ke nan kowane wata. Ma'ana, ainihin abin da wannan bawan Allah ke da shi na ci da sha da kuɗin mota da wuta da magani naira 100,000 ne. Idan yana kashe 150,000 ɗin gaba ɗaya duk wata, to yana cin bashin 50,000 ne daga hannun kansa na gobe, ko bai ranci sisin kowa ba. Ranar da hayar ta cika ne kawai bashin zai fito fili.

Lissafin ba daɗin ji. Amma wanda ya yi shi a farkon shekara yana da zaɓi: ya nemi gida mai sauƙin haya, ya mayar da yaro ɗaya makarantar da ta fi araha, ya haƙura da layya bana tun da ba ta wajaba a kan marar hali ba, ko ya ƙara wata sana'a da yamma. Wanda bai yi ba kuwa, zaɓinsa ɗaya ne idan ranar ta zo, wato ya miƙa hannu.

Ina za a ajiye?

Ware kuɗin abu ne guda, hana hannu taɓa shi abu ne daban. Kuɗin da ke cikin waya, wanda ana danna lamba huɗu ya fita, ba ya kwana. Shi ya sa kakanninmu suka yi asusun laka mai ƙaramin baki, wanda sai an fasa ake ganin abin da ke ciki. Sai dai zamani ya yi wa asusu illa biyu. Ta farko, hauhawar farashi: naira 100,000 da aka rufe a Disambar 2023, idan aka fasa a Disambar 2024, abin da za ta saya bai wuce na wajen 74,000 na bara ba. Ta biyu kuwa mun gan ta a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Tsofaffi da matan ƙauye da suka shekara suna tara kuɗi a gida suka yi ta layi a ƙofar bankunan da ba su taɓa shiga ba, wasu suka sayar da tsofaffin kuɗinsu da ragi.

Wannan ne ya sa masu dabara ba sa barin tanadi ya daɗe yana kuɗi. Suna mayar da shi abin da gida zai buƙata. Da kaka, lokacin da gero da dawa da masara da wake suka cika kasuwar Dawanau da kasuwannin ƙauye, sai su sayi abin da zai kai su damina, lokacin da hatsi ya saba tsada. Wake da ƙwari ke saurin cinyewa yanzu ana adana shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ba sai an zuba magani ba. A nan ma a yi hattara: sayen abincin gida daban, sayen tari don jiran tsada daban. A 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai a Arewa, kuma da yawa daga waɗanda suka tara don riba, wasunsu da kuɗin aro, sun tafka asara. Wanda ya sayi buhu uku don bakin iyalinsa kuwa, ko farashi ya faɗi, tuwonsa yana nan.

Mata kuma tuntuni suke da bankunansu. Tunkiya ko akuya a bayan ɗaki, ɗan maraƙi a hannun mai kiwo, sarƙa ko 'yan kunnen gwal da za a iya kai wa kasuwa ranar da ta ɓaci. Ragon da aka saya ƙarami bayan babbar sallah, aka yi ta ba shi dusa da harawa, shi ne layyar baɗi, ko kuma kuɗin makarantar zango guda.

Sai adashi, wanda har yau ba abin da ya kai shi tasiri a tsakanin masu ƙaramin samu. Mutum goma su riƙa zubin 20,000 duk wata, kowane wata ɗaya ya kwashi 200,000. Ƙarfinsa yana cikin kunya: wanda zai iya yaudarar kansa ya ci kuɗin asusu ba zai iya kallon idon uwar adashi ya ce bai da zubi ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne shiga adashi ba tare da an san abin da za a yi da kwasar ba. Mai hankali tun ranar da ake jera sunaye yake roƙon a sa kwasarsa ta faɗo a watan haya ko watan komawa makaranta. Wanda bai yi haka ba, dubu ɗari biyun za ta zo masa a watan da ba wata hidima, ta narke a sabuwar waya da ɗinkuna. A kuma sani, a lokacin tsadar kaya, mai kwasar ƙarshe shi ke cutuwa, domin kuɗin da zai karɓa sun rage daraja. Adalci shi ne a riƙa juya jerin: wanda ya zo ƙarshe a wannan zagaye ya zama na farko a na gaba.

Akwai wani salo da ya kamata kowane Bahaushe ya san asalinsa, domin a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, a wani tsari da aka raɗa wa suna Mata Masu Dubara. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati guda, mai buƙata ta ranta daga ciki ta mayar, bayan kamar shekara a fasa a raba. Yadda ake gudanar da shi a yau, akwatin na da kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da Asiya. Ya fi adashin da muka saba ta fuska ɗaya: wadda ɗanta ya kwanta ciwo ba sai ta jira layinta ya zo ba.

Wanda ke gudun banki saboda kuɗin ruwa, yanzu uzurinsa ya ragu. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukkansu ba sa mu'amala da ruwa. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ma ta buɗe tsarin adashin gata na aikin Hajji tun 2020. A 2024 kuma hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma, idan banki ya durƙushe.

Abin da ba shi da lamuni ko kaɗan shi ne "zuba dubu hamsin ka kwashi dubu ɗari cikin wata guda." Wani irin wannan tsari mai suna MMM ya rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016. CBEX ya yi haka a Afrilun 2025. Tsakaninsu an yi wasu da dama, har da adashin WhatsApp da ba wanda ya taɓa ganin fuskar uwar adashin. Kullum waɗanda suka fara shiga ana biyan su da kuɗin na baya, su zama 'yan talla ba tare da sun sani ba, su jawo ƙannensu da surukansu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma a irin wannan zamani ba kwaɗayi kaɗai ke kai mutane ba, har da matsi, kuma masu wannan damfara sun san haka sarai.

Bashi iri-iri

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, sai dai ba duka suke ɗaya ba. Wanda ya ranci kuɗi ya sayi keken ɗinki ko injin markaɗe, sana'ar ce za ta biya. Wanda ya ranta don asibiti, larura ce, kuma a ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya yake fitowa, ba wanda ya fi ƙarfin wannan. Wanda ke kashe gida shi ne bashin da ake ci don a biya wani bashin.

Manomin ƙauye ya daɗe da sanin wannan tarko. Da damina, rumbu ya ƙare, ga taki ga noma, sai ya karɓi kuɗi ko hatsi a hannun mai hali da sharaɗin ba-da-kaka. Amfanin gona na zuwa gida, masu bin bashi na tsaye da buhunansu a lokacin da hatsi ya fi araha, don haka rumbun baɗi ma ba zai kai ba. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, ta bayyana yadda irin wannan bashi ke daɗa talauta talakan manomi a littafinta kan Ɓatagarawa ta Katsina da ya fito a 1972. Ma'aikacin birni na yau, wanda banki ke zare kason rance daga albashinsa tun kafin ya gan shi, halinsu ɗaya.

Mafi muni su ne manhajojin rance na waya. Cikin minti biyar kuɗi ya shigo, ba jingina ba mai tsaya maka. A ce ka karɓi 20,000 za ka mayar da 26,000 bayan mako biyu. Ranar ta zo ba ka da shi, sai ka buɗe wata manhajar ka ranto ka biya ta farko. Idan ka gaza, wasunsu sukan bi lambobin da ke wayarka su aika wa surukinka da shugabanka na aiki saƙon cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a Maris na 2022, kamfanin Google kuma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutane. Duk da haka ba su ƙare ba. Wanda ya riga ya faɗa, mataki na farko shi ne ya daina buɗe sabuwa, ya rubuta duk abin da ake bin sa a takarda ɗaya, ya fara kashe mai ruwan da ya fi yawa, ya je da ƙafarsa wurin sauran ya nemi lokaci. Mai bin bashi ya fi haƙuri da wanda ya zo da dubu biyu da bayani a kan wanda ya kashe waya.

Abin mamaki, addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar wannan babi a buɗe ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A wurin jana'iza kuma kullum sai an yi shelar cewa duk mai bin mamaci ya zo ya sami iyalansa. Amma a tsakanin 'yan uwa da abokai, ka ce a rubuta, sai a ce ba ka yarda da mutum ba. Zumunci nawa ne ya lalace a kan "dubu talatin na ba ka" da "a'a, ashirin ce"?

Biki

Ba a gama maganar kuɗin gida ba tare da an taɓo biki ba. Asalin gudummawar biki taimakon juna ne: ki kawo mini yau, in kai miki gobe. Yanzu ta zama gasa. Anko kala biyu ko uku a biki ɗaya, kamu, dina, walima, ɗaukar hoto, kwalliyar amarya, akwatunan lefe da ake jerawa a ɗauka a waya a watsa. Uban amarya ya sayar da fili ko gona ya yi kayan ɗaki, ango ya tare da bashin da zai shekara biyu yana biya, amarya ta shigo gidan da tun watan farko ake ƙirga cefane. Cewa gwamnatin Kano ta aurar da maza 1,800 da mata 1,800 a rana guda a Oktoban 2023, tare da ba su gado da katifa da sadaki, shaida ce ta yadda hidimar aure ta fi ƙarfin talaka.

A nan mata ke shan zargi, amma ba su kaɗai ba ne. Namijin da ke faɗa a kan anko shi ne kuma ba ya son a ce lefen ɗansa bai kai na ɗan maƙwabci ba. Kalmar "ba ni da hali bana" ba ta taɓa kashe kowa ba. A zuciya ne kawai take da nauyi.

Abin da ba a faɗa a ɗaki

Akwai wata al'ada da ke rushe duk wani tsarin da aka ambata a sama. Magidanta da yawa matansu ba su san nawa suke samu ba. Da safe a ajiye kuɗin cefane, a sa kai a fita. Kuɗin da aka saba bayarwa tun kafin a cire tallafin mai, wani har yau shi yake ajiyewa, ya dawo da dare yana tambayar me ya sa miya ba nama. Ita kuma uwargida, don rufin asiri, sai ta cika daga kuɗin ƙosai ko ɗinki ko kitsonta, ko ta aika a karɓo bashi ba da saninsa ba. Shi yana da bashin da ba ta sani ba, ita tana da adashin da bai sani ba, kowa na zargin ɗan uwansa: ita tana ganin yana da shi yake ɓoyewa, shi yana ganin almubazzaranci take yi.

Hujjar maza ita ce idan mace ta san samunka, buƙatunta za su ƙaru. Abin da aka fi gani akasin haka ne. Matar da ta san 100,000 ce za ta kai su wata ita ce za ta ce a sayi manja galan guda maimakon na ɗari uku kullum, a haɗa kuɗi da maƙwabta a sayo buhu a kasuwar Singa a raba, a busar da tumatir da tattasai lokacin da suke araha. Ita ta san inda kuɗin ke zurarewa, domin a hannunta suke ƙarewa. Wanda ke da mata fiye da ɗaya ya fi kowa buƙatar wannan bayani, don rashinsa ne ke mayar da ƙarancin kuɗi ya zama rikicin kishi.

Sannan akwai wata ƙaramar zamba da ta zama ruwan dare har ba a ɗaukar ta laifi. Mace ta kwashi adashi, ko ta sayar da tunkiyarta, maigida ya ce, "Ara mini, wata na yi zan ba ki." Wata ya yi, wani ya biyo, shiru. In ta tambaya, a ce ai a gidan aka kashe. A shari'a ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan miji suke, dukiyar mace kuwa tata ce. Abin da ta ba da aro bashi ne kamar na kowa. Matar da aka yi wa haka sau biyu ba za ta sake bari a san tana da ko sisi ba, kuma daga ranar gidan ya rasa asusun da ya fi kowane kusa da shi a ranar larura.

Don haka kiran yana wurinku, magidanta. Kafin albashin wannan wata ya shigo, ko kafin a kai amfanin gona kasuwa, a zauna da uwargida da biro da takarda. A faɗa mata adadin gaskiya. A jera hidimomin shekara da watanninsu, a jera basussuka duka, har da wanda ake jin kunyar faɗa. Idan akwai kuɗinta a cikinsu, a sa shi a layin farko, a kuma sa ranar biya.